Gidan gonar da muka kama a Chatarpur don bikin ƙawata

Ƙawata ce tun muna karatu a Delhi, mabiyar addinin Hindu, kuma da aka sa ranar aurenta mahaifiyarta ta ce dole in shiga cikin masu neman wurin biki. Ni abin da ke kaina shi ne irin katafaren zauren da muka taso muna gani a fina-finan Indiya a Kano. Otal ɗin farko da muka shiga kuwa ya cika min ido, ga kafet mai laushi ga fitilu kamar rana. Anti, wato mahaifiyar ƙawata, ba ta ko ɗaga kai ta kalli fitilun ba. Tambaya ɗaya ta yi wa manajan: za a bar mu mu hura wuta?

A wurinsu aure ba ya ƙulluwa sai ango da amarya sun kewaya wuta sau bakwai a ƙarƙashin rumfa mai ginshiƙi huɗu da suke kira mandap, malaminsu yana zuba man shanu a wutar yana karatu. Manajan ya ce sai dai 'yar ƙarama, saboda na'urar jin hayaƙi da ke silin. Anti ta kama hannuna ta ce, "Beti, mu tafi," wato 'yata.

Daga ƙarshe muka kama ɗaya daga cikin gidajen gonar Chatarpur a kudancin Delhi. Sunan ne kawai gidan gona, ba a noma komai: fili ne mai ciyawa da katanga, da 'yan ɗakuna na shiri.

Amfanin filin ya fito ne daren biki. Mu a gida amarya ake kaiwa, su kuwa ango ake rakowa wurin dangin amarya, abin da suke kira barat. Ya zo a kan farar goɗiya, makaɗa suna dukan ganga a gaba, wasu sun ɗauko fitilu, kawunnai da gwaggwanni kowa yana rawa. Tafiyar da ba ta wuce minti biyar ba sai da ta ci fiye da awa ɗaya. Da yake akwai doguwar hanya daga ƙofa zuwa fili, duk a cikin gida aka yi, babu mai mota da aka tare wa titi. Wannan kaɗai ya biya kuɗin wurin a ganina. Abinci ma babu laifi, duk da babu nama ko kaɗan, kuma ana lissafi ne da faranti: adadin da kuka yi alkawari shi za ku biya, ko mutane sun zo ko ba su zo ba.

Inda suka ɓata min rai shi ne sanyi. Watan Disamba ne, kuma lokacin da malamin ya zaɓa na ɗaurin auren ya wuce sha biyun dare. Dokar Indiya tun 2000 ta hana lasifika a waje daga ƙarfe 10 na dare zuwa 6 na safe, don haka kiɗa ya tsaya, rawar da ke ɗumama jiki ta ƙare, hazo ya sauko. Da baki masu wurin suka yi mana alkawarin murhun gas na ɗumama jiki, ba mu sa a takarda ba, sai ga guda huɗu kacal. Na ga kakar amarya ta dunƙule cikin mayafi, raɓa ta jiƙa mata bakin sari, hannunta yana rawa har ta kasa riƙe kofin shayi. Wallahi abin ya tsaya min a rai. Da muka nemi ƙari sai aka ce da kuɗi, kamar yadda aka caje mu man janareta daban.

Duk da haka zan ce wa mai irin wannan biki ya kama fili, muddin an rubuta yawan murhu da kuɗin janareta kafin a ba da kafin alƙalami. Anti ta ce a can za a yi na ƙanwar ƙawata, amma a ƙarshen Fabrairu, kuma sai an ware wa tsofaffi ɗaki mai ɗumi kusa da rumfar.