Yanki ɗaya ko akwati sukutum: wanne ya dace da kwaikwayon taguwar hadari?

Wani ɗan zauren nan ya tambaya ko ya yi kwaikwayon (wato siffantawa da lissafin kwamfuta) taguwar iskar da hadari ke tayarwa a sama da tsarin 2D ko 3D, ga shi kwamfutarsa ba ta da ƙarfi sosai.

Malam, siffar hadarin ce za ta yanke maka hukunci. Idan hadari ya tunkuɗa iska sama, nauyi ya dawo da ita, sai ta riƙa lilo, lilon ya bazu har sitiratosfiya, wato sashen sararin sama da ke bisa inda gajimare ke taruwa; wannan lilon mai bazuwa shi ne taguwar. Zagayen lilon mafi gajarta kusan minti 10 ne a ƙasa, minti 5 a can sama.

Tsarin 2D yanka ɗaya ne a tsaye, kamar an raba kankana gida biyu. Ya dace da hadarin da ya jeru a layi mai tsawo, irin wanda ke taso wa Sahel daga gabas da damina, kuma da tsarin 2D ɗin masana Fovell, Durran da Holton suka yi aikinsu na 1992. Aibinsa shi ne taguwar ba ta da gefen da za ta watsu, don haka takan fito da ƙarfin da ya zarce gaskiya. Tsarin 3D akwati ne sukutum, yana barin taguwar ta bazu a da'ira, kamar an jefa dutse a tafki. Shi ya dace da dunƙulallen hadari irin Hector na tsibiran Tiwi a Ostireliya. Sai dai tsada: fili mai kilomita 600 da tazarar kilomita 1 tsakanin wuraren da ake lissafi ginshiƙin iska 600 ne a 2D, amma 360,000 a 3D.

Ko wanne ka ɗauka, rufin, wato iyakar tsarin ta sama, shi ke yawan ɓata aiki. Taguwa na dukan rufin ta dawo ƙasa, ka ɗauka sabuwa ce. Kai rufin kilomita 30 ko fiye, ka sa soso, wato sashe mai shanye taguwar, a kilomita 5 zuwa 10 na ƙarshe; a WRF, manhajar kwaikwayon yanayi, saitin damp_opt=3 ke nan. Takun lokaci kuwa, wato lokacin da ke tsakanin lissafi ɗaya da na gaba, daƙiƙa 6 ga kowace kilomita ta tazara. Duk taguwar da tsawonta bai kai tazara 7 ba lissafin na dusashe ta, wato a tazarar kilomita 4 ka yi asarar duk abin da bai kai kilomita 28 ba.

Da kwamfuta ɗaya, fara da 2D ka gwada saituna. In adadin ƙarfin da taguwar ke kai wa sama kake nema, kada ka dogara da lambar 2D sai 3D ta tabbatar da ita.