Faifai mai sa hannun mawaƙi da wanda ba a taɓa ba: wanne ya fi daraja?

Malam, tambayarka ta taɓa ni, shi ya sa na ce bari in zauna in amsa ta a tsanake. Ga waɗanda ba su gani ba: ɗan'uwanmu na Daura ya buɗe adakar mahaifinsa, Allah ya jiƙansa, ya tarar da faya-fayan garmaho wajen talatin. A bayan kwalin ɗaya daga ciki akwai rubutun biro, kuma tun yana yaro yake jin mahaifin nasa yana cewa mawaƙin ne da kansa ya sa hannu a wurin wani biki. Dillalai biyu sun gani. Na farko ya ce rubutun ya ɓata kwalin, sai an rage kuɗi. Na biyu ya ce ai rubutun nan shi ne kuɗin. To wa ke da gaskiya?

Kowannensu ya faɗi gaskiyar kasuwar da yake kai wa kaya, domin masu sayen nan iri biyu ne, kuma ba abu ɗaya suke nema ba.

Mu shimfiɗa tabarma mu ajiye faifai biyu. Kamfani ɗaya ya buga su, shekara ɗaya, waƙoƙi iri ɗaya, duka biyun ba karce. Na dama kwalinsa fes, na hagu da sa hannu. Mutum na farko da zai durƙusa a kansu shi ne mai tara faifai don sauti da asali. Wannan sai ya zaro faifan ya karkata shi a hasken rana yana neman karce, ya duba ko ya lanƙwashe, sannan ya leƙa ɗan filin da ke tsakanin ƙarshen waƙa da takardar tsakiya, inda aka ƙwarzana lambar bugu, don ya san ko bugun farko ne. Irin waɗannan mutane suna da ma'auni da suka yarda da shi, wanda mujallar Goldmine ta Amurka ta shimfiɗa, kuma shi ake bi a Discogs, babbar kasuwar faifai ta intanet da aka kafa a 2000. A ma'aunin nan maki biyu ake bayarwa, na faifai daban, na kwali daban. Rubutu a kan kwali kuwa yana cikin aibobin da dole mai sayarwa ya bayyana, sahu ɗaya da yagewa da tabon ruwa da cin gara. Har laƙabi suka yi masa a taƙaice da Turanci, WOC, wato rubutu a kan kwali. Idan ba a tabbatar masa da hannun wa ne ba, a wurinsa na hagu faifai ne mai tabo, na dama zai ɗauka. Dillalinka na farko wannan mutumin yake hange.

Mutum na biyu bai damu da allura ba, wataƙila ma ba shi da abin kunnawa. Kwalin zai sa a gilashi ya rataye a bango. Abin da yake saye shi ne cewa hannun mawaƙin ya taɓa wannan takarda. A 2013, a gwanjon kamfanin Heritage na Amurka, an sayar da wani faifan ƙungiyar Beatles na 1967 mai ɗauke da sa hannun su huɗun a kan dala 290,500. Faifan nan miliyoyi aka buga, wanda ba sa hannu ana samunsa da araha a shagunan tsofaffin kaya na Ingila da Amurka. Kusan duk kuɗin nan na tawada ne. Kuma biyu daga cikin huɗun sun riga sun mutu lokacin gwanjon, John Lennon a 1980, George Harrison a 2001, saboda haka ba za a sake samun sabon kwali da hannun su huɗu ba har abada.

Daga nan za ka ga yadda abin yake karkata. Faifan da ya cika kasuwa, sa hannu na gaskiya yana ɗaga shi sama ƙwarai, tunda ba shi da wani abin da ya bambanta shi da dubban 'yan'uwansa. Faifan da dama can samunsa ke da wuya, darajarsa tana cikin ƙarancinsa da lafiyar jikinsa, rubutu bai cika ƙara masa komai ba, in ma ana shakkar rubutun sai ya ja shi ƙasa. Haka kuma wanda yake cikin ledarsa ta kamfani ba a taɓa buɗewa ba: duk wanda ya yage ledar don a sa masa hannu ya yi musaya ne, ya ba da daraja ɗaya ya karɓi wata, kuma ba kullum ribar take gefensa ba. Na zamani da kamfanoni ke fitarwa da sa hannu tun daga shago, dubbai a lokaci guda, ba zan ɓata maka lokaci a kansu ba, ƙarin da suke samu kaɗan ne.

Akwai abu na uku da ya fi tawadar kanta nauyi a ganina, wato tarihin kayan: a hannun wa ya fito, ta ina ya biyo. A 2015 an yi gwanjon wani faifan Beatles mai lamba 0000001, na mai buga gangarsu Ringo Starr, aka saye shi dala 790,000. Lambar da sunan mai shi suka kai shi nan. Ka riƙe wannan, zan dawo kansa, domin nan ne naka faifan yake da abin faɗa.

Yanzu maganar jabu, wadda ita ce ke sa sa hannu ya zama takobi mai kaifi biyu. Kwaikwayon bugun faifai yana buƙatar injin masana'anta, kwaikwayon sa hannu kuwa biro ɗaya da daren guda ya isa. Ba ma sai ɗan damfara ba. Sanannen abu ne cewa ma'aikatan Beatles, irin su Neil Aspinall da Mal Evans, sun sha sa hannu a madadinsu a shekarun 1960 saboda yawan masu roƙo, mutane suka ajiye shekara da shekaru da zuciya ɗaya suna ganin na gaske ne. A 2022 ma, an sayar da kwafi 900 na littafin mawaƙin Amurka Bob Dylan, kowanne kusan dala 600, da sunan shi ya sa hannu. Masu saye suka jera hotunan a intanet, sai ga sa hannun yana maimaita kansa layi bisa layi: na'ura ce ta yi. Kamfanin da ya buga littafin ya mayar da kuɗi, shi kuma ya ba da haƙuri. Kai, in wanda ya saya kai tsaye daga kamfani zai faɗa wannan rami, ina ga mai saye daga hannu na biyar? Shi ya sa a can suke da kamfanonin tantancewa irin su PSA da JSA da Beckett, kuma babban mai saye ba ya sakin kuɗi sai ya ga takardarsu. Ba wanda ke son cinikin biri a sama.

To amma aikin waɗannan kamfanoni kwatance ne. Suna ɗora sa hannun da ka kawo kusa da samfuran da aka riga aka tabbatar, su duba tafiyar alƙalami. Inda babu samfuri, babu abin kwatantawa. Mu kuwa mawaƙanmu na kalangu da kukuma da kuntigi ba mutanen da ake yi wa layi bayan wasa suna sa hannu a kwali ba ne. Al'adarmu ta wata hanya ta bi. Wanda yake son shaida tsakaninsa da mawaƙi, kyauta yake yi, ta riga ko ta doki ko ta mota, shi kuma mawaƙin ya saka sunansa a waƙa ya ambaci ubansa da garinsu. Sa hannun mawaƙin Bahaushe a cikin ramin faifan yake, allura ce ke karanta shi. Wannan ya sa rubutun mawaƙi a kwali abu ne da ba kasafai ake gani ba a wurinmu, wanda zai iya zama abin alfahari in ya tabbata, amma kuma tabbatar da shi ga baƙon da ke Landan ko Tokiyo yana da wuya matuƙa.

Su waɗannan baƙin ma, abin da suka fi bi a faya-fayan Najeriya shi ne kiɗan Legas da na Gabas na shekarun 1970 da 1980, bugun EMI da Decca da Afrodisia da Tabansi. Bayan kamfanin Luaka Bop na Amurka ya sake fitar da waƙoƙin William Onyeabor na Inugu a 2013, tsofaffin faya-fayansa na asali suka yi tsada. Namu na gargajiya kasuwarsu a waje ba ta kai nan ba, masu nemansu 'yan ƙalilan ne, yawanci masu bincike da masu adana tarihi, kuma abin da suke fara tambaya shi ne ko faifan yana tafiya ba tsalle. Saboda haka in kuɗin waje kake tunani, lafiyar faifan ita ce gaba, rubutun yana baya.

Wurin da rubutun yake ma yana da tasiri. A bayan kwali, a gefe, shi ne mafi sauƙin illa, kuma naka can yake. A fuskar hoton mawaƙi ya fi muni. A takardar tsakiya akan gan shi a tsofaffin faya-fayan garmaho masu juyi 78 a minti, waɗanda ke fashewa kamar tangaran, tunda su a 'yar rigar takarda suke zuwa, babu kwali mai hoto. A jikin baƙin faifan kuwa, inda allura ke bi, wannan ɓarna ce tsagwaronta ko hannun wa ne. Idan an rubuta "zuwa ga wane", masu saye sukan rage kuɗi don ba sunansu ba ne, amma ni na fi son irin wannan: rubutun ya fi tsawo, ɗan jabu bai cika wahalar da kansa da shi ba, kuma yana ɗaure faifan da gida guda.

Ga abin da za ka iya yi da kanka kafin ka sake kiran dillali. Fara da shekaru. Idan bugun faifan ya fito bayan rasuwar mawaƙin, magana ta ƙare. Misali, Alhaji Mamman Shata ya rasu a 1999, kuma a Daura aka binne shi, ka fi ni sanin wurin, duk abin da aka buga bayan wannan shekara ba zai ɗauki hannunsa ba. Duba abin rubutun: alƙalamin maka mai suna Sharpie sai 1964 ya fito, in ka ga tawadarsa a faifan da aka ce an sa wa hannu kafin nan, da sake. Tsohon biro yakan dusashe ya koma ruwan toka ko shuɗi mai duhu, kuma in ka shafa yatsa za ka ji ya lotsa kwalin. Sai gwajin da ya fi duka, wanda zai iya yi maka ɗaci: ɗauko tsofaffin wasiƙun mahaifinka da sauran kwalayen ka jera. Iyayenmu sun saba rubuta sunansu, wani lokaci har da sunan mawaƙin da ranar saye, saboda faifai yana yawon aro gidajen biki kuma ba kullum yake dawowa ba. Idan hannun ya yi daidai da na Baba, to nasa ne.

Ko da hakan ta kasance, don Allah kada ka goge. Ni na yi wannan kuskuren a gidanmu da ke Ƙofar Marusa. Wani mai saye ya ce mini zai ƙara kuɗi in kwalin ba rubutu, na sa auduga da sifirit na hau sunan mahaifina da ya rubuta da ajami a kusurwa. Tawadar ta narke ta bazu, launin hoton ya biyo audugar, wurin ya zama farin tabo kamar tafin yaro. Mai sayen ya fasa. Faifan yana nan wurina, kuma duk ranar da na ɗauko shi wurin nan idona ke fara sauka, domin rubutun hannunsa kaɗan ne ya rage mana. Da na bar shi yadda yake, da yanzu ina nuna wa 'ya'yana.

Kuma ka sani, a ƙasarmu zafi ya fi tawada cin darajar faifai. Adakar ƙarfe a ɗakin kwano cikin watan Afrilu tana iya lanƙwasa su kamar faifan kaba. Fito da su, ka jera su a tsaye kamar littattafai, kada ka ɗora wani kan wani, a ɗaki mai sanyi nesa da taga da bangon da gara ke bi. Mai rubutun kada ya ga rana, hasken yana cinye biro. Ƙurar hunturu kuma da ƙyalle mai laushi ake share ta, ana bin zagayen ramin.

Na ce zan dawo kan tarihin kaya. Ka ce a wurin biki aka sa hannun. Bikin wa? A wace unguwa? Wace shekara? Daura ba ta rasa dattijon da ya halarta, ko ƙanin mahaifinka, ko wata gwaggo da ta tuna ranar. Je ka same su da wayarka ka naɗi bayaninsu da muryarsu, ka nemi hoton bikin in akwai, ka tambayi iyalan mawaƙin ko tsofaffin 'yan amshinsa ko sun san hannunsa. Rubuta duk abin da ka samu a takarda daban, ka saka cikin kwalin. Da wannan a hannunka, dillali na farko ba shi da bakin cewa tabo ne, kuma gidan tarihi na Katsina ko masu nazarin waƙa a jami'o'inmu za su saurare ka da kyau. Ba tare da shi ba, farashin faifai mai rubutu a kwali za a ba ka, wato ƙasa da na fes.

Ni dai da nawa ne, sauran zan iya sayarwa in buƙata ta taso, wannan ɗaya zan riƙe. Turo mana hoton bayan kwalin da na takardar tsakiya da lambar da ke ƙwarzane a gefenta. In kuma ka samu shigowa Katsina, taho da shi a tsaye tsakanin kwali biyu, kada ka ajiye shi bayan mota inda rana ke duka, ina da abin kunnawa mai sabuwar allura, sai mu ji ko yana tsalle.