Iska ce ko toshewa? Amsa ga dan uwanmu mai Hiace da ya koma man suya

Salam yan uwa. Malam na ga tambayarka tun dazu, na ce bari in natsu in baka amsa yadda ya kamata, dan abin da kake fama da shi ba karamin tashin hankali bane ga mutumin da motar nan ce abincinsa. Ga wanda bai gani ba, Malam yana da Hiace mai injin 5L, yana dauko kaya daga kasuwar Mile 12 a Legas yana kaiwa cikin Island, tsadar gas ta sa aka yi masa tanki na biyu yana zuba man da aka gama suya da shi. In motar tana kan gas lafiya lau, da ya juya ta koma kan man suyan sai ta dan yi tafiya ta fara fizga, karfi ya ragu, rannan har ta mutu masa a kan gadar Third Mainland. Bakanike daya ya ce iska take sha, wani kuma ya ce famfon injekta ne ya gaji a kwance shi a nemo wani a Ladipo, kasuwar kayan mota. Yana tambaya wanne zai bi.

Maganar farko, dan Allah kar ka bari kowa ya sa sifana a jikin famfon nan tukuna. Kai da bakinka ka ce a gas motar tana ja yadda ka santa, to famfo daya ne da nozul daya suke aiki ko gas ne ko man suya, da famfon ne ya lalace da a gas din ma zata nuna. Matsalar tana hanyar da man suyan yake bi kafin ya iso famfo, kuma a wannan hanyar abu biyu ne suka fi yawa, ko iska tana shiga ko wani wuri ya toshe. Suna kama da juna sosai shi ya sa bakanikai suke rudewa, amma in ka lura da lokacin da kowanne yake nuna kansa zaka raba su.

Toshewa bata damun mota a silo, wato lokacin da inji yake kadawa ba a taka totur ba. Zaka iya wuni a cikin gosulon Ikorodu Road injin yana kadawa sumul, saboda man da yake bukata a lokacin kadan ne, ko ta karamar kafa ya isa. Sai hanya ta bude ka taka totur, ko ka hau gada da lodi, nan ne zaka ji kamar an rike motar ta baya, kana takawa bata amsawa, kuma ba wani bakin hayaki dan yunwar mai take ji. In ka daga kafa ta dan farfado. In ta mutu ka bar ta yan mintuna sau da yawa zata tashi da kanta ba tare da an cire iska ba, ta yi dan nisa ta sake. Kuma abin yana karuwa ne a hankali, satin da ya wuce sai kusan karshen gada take farawa, yau tun daga Oworonshoki, farkon gadar. Gadar nan kusan kilomita 12 ce kuma yawanci a nan ne mota take samun dogon taki ba tsayawa, shi ya sa ban yi mamaki ba da ka ce a kanta ta mutu.

Iska kuwa bata san silo ko gudu ba. Injin yana kadawa zaka ji sautinsa yana hawa yana sauka shi kadai, jikin motar yana rawa, wani lokaci ta yi tari ta dauke kana tsaye a danja. In ta mutu sai ka yi ta kik batir yana neman karewa, bata tashi sai an sassauta an fitar da kumfa. Wata alamar kuma ita ce safiya, motar da ta kwana lafiya ta ki tashi saboda man ya koma baya cikin dare iska ta maye gurbinsa. Abin da yake yaudarar mutane shi ne suna leka karkashin mota su ga ba digon mai sai su ce ai babu inda ya huje. Daga tanki zuwa famfo zuka ake yi ba turawa ba, dan haka kilif da ya saki ko tiyo da ya tsage kamar gashi ba zai zubar da mai waje ba, iska zai ja ciki, wajen a bushe kat.

Hanya mafi arha ta raba gardamar nan ita ce farin tiyo da ake ganin ciki. Ka sayi guntu kamar tsawon hannu a sa shi daf da bakin famfo, ka tada mota ta yi zafi ka juya kan man suya ka tsaya kana kallo. In iska ce zaka ga kumfa tana wucewa a jere, wani lokaci kanana kamar kwayar gero wani lokaci babban gibi ne ya wuce fuu, daga nan sai ka rika matsar da tiyon baya gaba daya gaba daya, gaban bawul, gaban filta, har ka iso inda man yake zuwa babu kumfa, to tsakanin nan da inda ka baro nan barakar take. In toshewa ce a silo man zai zo tas, sai an taka totur zaka ga tiyon yana neman motsewa. Wanda aka sa wa kwallon robar nan ta matsawa a layin mai shi ma ya duba ta, in ta shafe ta ki kumburowa to daga ita zuwa tanki akwai inda ya toshe, in kuma kana matsawa taki yin tauri iska ce. Gwaji na biyu, jarka mai tsafta da gas a ciki, a ja tiyo a hada a farkon layin man suyan wato a tsallake tankin kawai, in motar ta warke to laifin yana cikin tanki ko kuma kaurin man suyan ne, in bata warke ba a matso da jarkar gaban filta a sake gwadawa.

Amma fa ga inda ni nake ganin maganar take, kuma shi ne mutane basa son ji. A motar da aka juya zuwa man girki, sau da yawa abin biyun nan uwa da da ne, toshewa ce take haifar da iskar. Ka dauki mai shan fura mai kauri da siririn tsinken lemo, yana kara zuka tsinken yana motsewa, in akwai yar tsaga a jikinsa ta nan iska zata shigo, alhali da ruwa yake sha ba zai ma san da tsagar ba. Man girki a zafin digiri 40 ya ninka gas kauri kamar sau 10. Gabar da ta shekara tana rike gas ba matsala, ranar da aka ce ta ja wannan kaurin sai ta fara shan iska. Shi ya sa bakaniken da ya ce maka iska ce mai yiwuwa gaskiya ya gani, amma in ya daure kilif kawai ya sallame ka zaka dawo, dan bai taba abin da ya jawo ba.

To me yake hana man ya tsinke? Zafi. Ana son man ya kai digiri 70 zuwa 80 kafin ya shiga famfo, kuma ko a hakan bai kai gas tsinkewa ba, ya dai matso ne. Yawancin masu hada tanki biyu da ruwan lagireto suke dumama man, to a nan ne dabi'ar bakanikanmu take cutar da mu, da mota ta sauka daga tashar jirgin ruwa ta Tin Can abin farko a cire mata tamostat a jefar wai kasarmu akwai zafi. In babu shi ruwan inji baya tsayawa a zafin da ya kamata, musamman in kana gudu iska tana dukan lagireto ko ana ruwan sama, wato daidai lokacin da injin ya fi bukatar mai shi ne lokacin da man yake yin sanyi ya kara kauri. Ka tambaya ko naka yana nan. In ka yi tafiya ka tsaya ka taba jikin filtan man suyan, ya kamata ya yi zafin da baza ka iya rike shi ba, in dumi-dumi ka ji kamar ruwan wanka to ka gano rabin matsalarka. Kuma kar zafin Legas ya rude ka, da yawa daga abin da muke kira man gyada a kasuwa daga kwakwar manja aka tace shi, ga kitsen nama da na kaza da ya narke a ciki wajen suya, irinsa in ya huce fari-fari yake yi a gindin jarka. Wanda yake lodi zuwa Arewa lokacin hunturu ya kwana a Jos ko Zariya zai tarar da shi ya daskare a cikin tiyo.

Sai shi kansa man. Na masu kosai da masu kifi da gidajen abinci cike yake da garin wake da fulawa da gishiri da ruwa, tacewa da dankwali ko buhu baya isa. A bar shi ya kwanta a duro na makonni, a kwashi na sama a bar na kasa, a tace shi da mataci mai kananan kafofi na maikiron 5 ko 10, kuma a tace shi yana sanyi dan kitsen ya makale a matacin gida ba a filtan mota ba. Ruwa kuwa ka dora kasko a wuta ya yi zafi ka zuba cokali daya, in ka ji yana tsartsatsi yana kara akwai ruwa, kar ka zuba. Ruwa yana kumbura takardar filta ta toshe, wanda ya wuce kuma ya ci cikin famfo, ga damina ga danshin Legas, duron da aka bari a bude a waje kullum cikin jan ruwa yake. In ka cire tsohon filta kar ka jefar, ka yanka shi ka gani, farin abu mai maiko kitse ne wato zafi ya yi kadan, bakin tabo datti ne wato tacewa bata yi ba, in kuma abu ne mai danko kamar roba to man ya hadu da jan karfe ko tagulla ko an kera tankin da kwanon da aka shafa wa zinki, wadannan basa shiri da man girki ko kadan.

Kananan abubuwa da ake mantawa, murfin tanki. Tankin da mai walda ya hada sau da yawa baya barin kafar numfashi, in mota ta fara fizga ka bude murfin ka ji ya ja iska fuuu shi ne. Akwai rariyar da ke bakin fayif a cikin tanki, akwai tiyo da ya yi siriri, gara mai fadin milimita 10 a kan mai 8. Sannan ka tambayi wanda ya yi maka aikin ina ya kai layin da ke dawo da rarar mai, in ya nade shi ya koma bakin famfo dan ya rike zafi to duk iskar da ta shiga bata da hanyar fita, taruwa zata yi ta yi har ta kashe injin, in tanki yake komawa iskar tana fita da kanta.

Ta bangaren kudi, iska ta fi arha amma ta fi cin rai, kilif da tiyo da washa ne kawai amma zaka iya wuni kana nema. Toshewa tana da saukin ganowa sai dai in baka gyara zafi da tacewa ba zaka zama abokin cinikin mai filta na dindindin, ribar da ka ce zaka ci a gas ta tafi can.

Abin da yake bani tsoro da motarka shi ne irin famfon. Ba wai inji baya cin man girki bane, tun a baje kolin Faris na 1900 an nuna injin Diesel yana aiki da man gyada. Tsofaffin Marsandi irin 240D da 300D famfonsu dogo ne na Bosch, bakin man inji ne yake shafa masa kasa, shi ya sa suke da hakuri. Naka na 5L mai juyawa ne, man da yake turawa shi ne kuma man da yake shafa cikinsa yana sanyaya shi, duk lokacin da ya yi ta zuka ba mai ko ya hadiyi kumfa a bushe yake gogawa. Wato famfon da yau lafiyarsa kalau in ka ci gaba da lallabawa a haka zai lalace da gaske. Masu Peugeot mai famfon Lucas sun fi ka shiga hadari, masu sababbin Hilux da Hiace na D-4D kuwa kar ma su fara, matsin da ke cikin layinsu ya haura 1,000 a ma'aunin matsi na bar kuma nozul dinsu baya daukar wasa.

Dan haka daga yau ka koma gas zalla har a gano. Gobe kafin ka fita lodi a sa farin tiyon, a duba tamostat, a yanka filta. In an gyara ka koma kan man suyan, ka tada da gas, kar ka juya sai allurar zafi ta hau tsakiya, ka koma gas yan kilomitoci kafin ka kashe, kuma ka rika yin juye da wuri fiye da da kana duba ko bakin man yana karuwa a sanda, dan man girki yana sulalewa cikinsa ya daskarar da shi. Ka dauko mana hoton cikin filtan da na tiyon yana aiki mu gani, Allah Ya tsare hanya.