Gargaɗi ga masu tsofaffin kyamarorin fim: a yi hattara da 'yan damfarar gyaran shota

Jama'a, duk mai tsohuwar kyamarar fim a ajiye, ko mai shirin sayen ɗaya, ya saurara da kyau. Tun da mutane suka dawo sha'awar ɗaukar hoto da fim, wasu 'yan damfara sun cika intanet da sunan masu gyara, kuma da matsala guda suke fakewa: maƙalewar shota, 'yar ƙofar nan da ke buɗewa ta rufe don haske ya taɓa fim. Ka ja hannun naɗe fim ya ƙi motsi, ka danna maɓalli shiru, wani lokacin ma madubin ciki ya ɗaga ya ƙi saukowa, ka leƙa ka ga duhu. Hankalinka ya tashi, ka shiga neman mai gyara. Daidai nan suke jiranka.

Abincinsu shi ne rashin sanin mai kaya cewa dalilan maƙalewar shota suna da yawa, kuma wasu ba su kai a kwance ko sukuru ɗaya ba. Canon AE-1, wadda ta fito a 1976, maganadisu mai aiki da lantarki ne ke sakin shotarta. In batirinta mai volt 6 ya mutu ba za ta ɗauki hoto ko ɗaya ba, hannun ya tsaya cak kamar wani abu ya karye a ciki. Olympus OM-2 in batiri ya yi sanyi madubinta kan kulle a sama, sai an sa sabo an saita ta yadda littafinta ya nuna. Nikon FE tana da wurin da aka rubuta M90 a kan abin zaɓen gudun shota, wanda ke aiki ba batiri. In ka juya can ta ɗauka, to ka fara da duba batiri kafin komai. Wani lokacin ma fim ne kawai ya ƙare, hannun ya tsaya a tsakiyar hanya. Ɗan damfara ya san duk wannan. Amma kana tura masa saƙo, bai ga kyamarar ba, bai tambaye ka batiri ba, zai ce shotar ta mutu gaba ɗaya, sai an yi odar wata daga Japan, ka turo kafin alƙalami. In an yi sa'a ya sa sabon batiri ya dawo maka da ita a kan kuɗin babban aiki. In ba a yi sa'a ba ya yi layar zana da kuɗin da kyamarar.

Wanda ya fi ƙona mini rai shi ne mai sabis na ƙarya, domin shi kayan yake lalatawa. Kyamarori irin su Canonet QL17, Yashica Mat da Rolleiflex, shotarsu tana cikin gilashin gaba, wasu siraran ganyayyakin ƙarfe ne da ke buɗewa daga tsakiya. Bayan shekara arba'in ko hamsin giris ya bushe ya daskare, mai ya tsiyayo ya hau kan ganyayyakin, sai su manne da juna. Gyaran gaskiya aiki ne na haƙuri: a cire gilasan, a kwance shotar, a wanke tsohon maiƙo, a ɗiga mai ɗan kaɗan a inda ƙarfe ke juyawa kawai, a bar ganyayyakin a bushe ƙayau, sannan a auna kowane gudu da na'ura. Shi kuwa wannan sai ya tsiyaya man laita ta gaba, ya yi ta danna maɓalli tun tana jiƙe, shotar ta saki, ya ɗauki bidiyo ya turo maka, "ga ta nan kamar sabuwa". Man yana bushewa, maiƙon da ya narkar zai sake kwanciya a kan ganyayyakin, wani ma ya hau gilashi ta ciki ya yi masa hazo. Kwanaki kaɗan ko 'yan makonni ta koma gidan jiya, har ta fi da lalacewa. Masu fesa mai irin WD-40 a ciki kuwa, ɓarnarsu ta fi haka, domin man yakan bi kowane lungu, kuma wanke shi ya fi gyaran farko wahala.

Irin wannan dabarar masu sayarwa ma suna yi. Za ka ga an rubuta "an yi mata cikakken sabis kwanan nan". Buɗe murfin baya ka duba sosan da ke tare haske a bakin ƙofa da wanda madubi ke bugawa a sama. In ka taɓa da tsinke ka ga yana narkewa baƙi ƙirin, yana danƙo kamar kwalta, babu wani ƙwararre da ya duba ta, don canza wannan soso na cikin abin da ake fara yi. Duba kawunan sukurori ko an cinye su da sukundireban da bai dace ba, duba fatar jiki ko an ɓare an liƙa da gam a karkace. Shinshina cikinta ma. Sai ka sa gudu a daƙiƙa 1 ka kasa kunne: ƙarar ta tafi sumul, ba ta ja ta tsaya ta ci gaba ba. In shotarta ta labulen yadi ce, shiga ɗaki mai duhu ka haska tocila ta baya, ƙananan huji za su bayyana. Masu rubuta "ba a gwada ba" kuma, ka ɗauka ba ta aiki, ka yi ciniki a kan haka. Mutumin da ke sayar da kyamarori da yawa ya iya sa batiri ya danna maɓalli.

Akwai kuma masu sauya kaya. Ka aika kyamara mai tsaftataccen gilashi, ta dawo da mai tabo, ko a cire mata lafiyayyen sashe a sa gajiyayye, don kayan gyaran waɗannan kyamarori yawanci daga jikin wata ake cirowa. Saboda haka kafin ta bar hannunka ka ɗauki hoton lambar jikinta da ta gilashin, da kowane gefe, da cikinta.

Ban ce duk mai neman kuɗi da yawa ko lokaci mai tsawo macuci ba ne. Ƙwararrun masu wannan aiki sun yi ƙaranci, layinsu da tsawo, ana iya jiran watanni. Bambancin shi ne na gaskiya sai ya ga kaya kafin ya yanke farashi, yana gaya maka abin da ya samu. Misali Minolta X-700 ta 1981, an san ta da mutuwar wata 'yar kafasita, wani ƙaramin sashe mai tara lantarki, da ke hana shota saki. Mai gaskiya zai faɗa maka haka, ya canza ta, ya ba ka rasit da garanti a rubuce. In ka tambayi sakamakon awon gudun shota, zai nuna maka. Na ƙarya sai romon baka da gaggawa, wai akwai masu jira, ka biya yau. Sau da yawa zai nace ka biya ta hanyar da ba ta da kariya, kamar zaɓin tura wa 'yan uwa da abokai na manhajar tura kuɗi ta PayPal, wanda ba ya ƙarƙashin kariyar mai saye. Hotunan aikin da yake nunawa ma ka bincika su a intanet, wasu daga shafin wani aka kwaso.

In taka ta maƙale yanzu, kada ka tilasta hannun, haƙoran ciki ƙanana ne, ƙarfi kaɗan ya karya su. Sa sabon batiri, goge wurin zamansa, duba ko fim ya ƙare. In an gyara maka ko ka sayo, ka ɗauki nadin fim guda a gudu daban-daban ka kai wanki tun wa'adin mayarwa bai wuce ba, domin shotar da ke rufe rabin hoto a gudun 1/1000 na daƙiƙa sai a fim take tona kanta. Wanda kuma ya riga ya faɗa hannunsu, ya adana saƙonni da shaidar biya da hotunan lambobin, ya kai ƙara ga dandalin da aka yi cinikin da kuma bankinsa da wuri, don kowannensu yana da wa'adin karɓar ƙorafi.