Sifikun 5.1 masu araha: abin da kunnena ya ji a Yamai

Saitin da nake magana a kai ƙirar Sin ne, irin waɗanda ke jibge a shagunan kayan lantarki na Babbar Kasuwar Yamai. Jika 45 na biya bayan an sha ciniki. A cikin kwalin akwai ƙananan sifiku biyar, da babban akwatin wufa mai fitar da amo mai kauri, sai telekomandi. Yana karɓar kile da Bluetooth, yana kuma kama rediyon FM.

In dai sauti ne, kuɗina bai faɗi ƙasa ba. Wufar tana cika falo, har gilashin taga ya riƙa rawa. Amma abin da ya fi burge ni shi ne sifikar tsakiya, wadda ake ajiyewa ƙarƙashin tele: a fim, maganar ƴan wasa ta nan take fitowa tar, kiɗa da ƙarar mota ba sa danne ta. Idan aka ƙure murya kuwa, ƙananan sifikun sai su fara kakari kamar tsohon rediyo. Kada babbar lambar wat da ke jikin kwali ta ruɗe ku. Wannan lissafin PMPO ne, na talla. Ku juya bayan wufar ku nemi RMS, shi ne ƙarfin gaskiya, kuma ƙanƙane ne ƙwarai idan an kwatanta.

Inda gizo ke saƙar shi ne batun sautin da ke kewaye mutum. Mai shago ya ce mini, "Alhaji, da ka jona za ka ji kamar kana cikin silima." Ai ba jonawa kaɗai ba ce. 5.1 na gaskiya hanyoyin sauti shida ne daban-daban, kuma sai abin da ke aiko sautin ya raba su. Kwamfutar tebur mai cikakken katin sauti tana da ramuka uku don wannan aiki: kore na sifikun gaba, baƙi na sifikun baya, ruwan lemo na tsakiya da wufa. Kwamfutar tafi-da-gidanka irin tawa rami ɗaya gare ta, hagu da dama kawai take bayarwa. Bluetooth ma haka, wayoyin nan ja da fari na bayan dikodar Canal+ ma haka. A nan sifikun baya ko dai su yi shiru, ko su maimaita abin da na gaba ke faɗa. Ƙara za ta ƙaru, amma jirgi ba zai wuce ta bayan ƙeyarka ba.

Maganin da na samu shi ne ɗan katin sauti na USB mai ramukan nan uku. Na jona shi, na shiga saitin sauti na Windows na zaɓi 5.1, na sa fim mai sautin 5.1 na Dolby Digital a manhajar kallon fim ta VLC. Daga nan ne na ji ruwan sama na zuba ta bayana, ƙanena da ke zaune kusa da ƙofa har ya waiwaya. Sai dai yawancin abin da muke kallo a gida, waƙoƙin YouTube da finafinan da ake turawa a kile, sauti biyu ne tun asali, babu na'urar da za ta mayar da su 5.1 na gaskiya.

Wayoyin sifikun baya gajeru ne, sai da na sa mai gyaran rediyo ya ƙara musu tsawo kafin su kai bayan kujera.

Zafin Afrilu yana taɓa saitin: ƙarfen bayan wufar kan yi zafi sosai da rana, don haka na janye ta daga bango don iska ta ratsa. Kuma tunda kuran kan tafi ya dawo da ƙarfi, ban yarda na jona shi kai tsaye ba, ta regilata yake sha.

Wanda ke da kwamfutar tebur mai ramuka uku, ko yake shirye ya ƙara kuɗin katin USB, ya saya, zai more. Wanda kuwa waya da dikoda kawai zai jona, gara ya ɗauki 2.1 mai kyau da wannan kuɗin, sifiku biyu da wufa, ya huta da jan waya a falo.