Bangon Alƙur'ani: Aikin Alƙahira da na Hirat

A zamanin Mamlukawa, waɗanda suka mulki Masar daga 1250 zuwa 1517, masu yi wa Alƙur'ani bango a Alƙahira sun fi amfani da jemammiyar fata mai launin ƙasa. Da ƙananan ƙarafa suke danna ado, ɗaya bayan ɗaya, har taurari masu kusurwoyi da yawa su sarƙe da juna su cika fuskar bangon, sannan a ɗiɗɗiga ruwan zinariya nan da can. Aiki ne na lissafi da haƙuri, domin layi guda idan ya karkace, ba ya gyaruwa.

Hirat kuwa, wadda ke ƙasar Afghanistan ta yau, a ƙarni na 15, musamman a ɗakin littattafan Yarima Baisungur wanda ya rasu a 1433, ta karkata ga furanni da rassa. Gwanintar masu yin bango a can ta fi fitowa a fuskar bangon ta ciki, inda ake yayyanka fata siririya tamkar leshi, a shimfiɗa ta a kan shuɗi ko zinariya.

Duka biyun suna da harshen da ke naɗowa ya rufe bakin shafuka. A ganina na Hirat ya fi ɗaukar ido, amma na Alƙahira ya fi jure hannun makaranci, tunda yankakkiyar fata saurin ɓantarewa gare ta.