Na kai Marsandin Baba an matse mata bambar baya

Motar ta mahaifina ce, Allah ya ji ƙansa. Marsandi 450SL ƙirar 1978, mai ƙofa biyu, injin V8, shigowar Amurka. Ta yi shekaru lulluɓe da tamfol a gidanmu na Gwammaja kafin na tashe ta. Inji ya dawo daidai, kujeru sun sha sabuwar fata, amma duk sanda na tsaya a bayanta sai raina ya sosu. Bambar ta turo waje kamar benci. Ba wasa nake ba, yaran layinmu zama suke yi a kai suna shan rake.

Ba haka Jamusawa suka zana ta ba. Wannan samfurin, da ake kira R107, an ƙera shi daga 1971 zuwa 1989, kuma na Turai siririyar bamba gare shi, manne da jiki. Dokar Amurka ta wancan lokacin ce ta tilasta cewa daga ƙirar 1974 dole mota ta jure karo na gudun mil 5 a awa, wajen kilomita 8 ke nan, gaba da baya, ba tare da fitilu ko tankin mai sun lalace ba. Shi ya sa aka ƙara wa kowace bamba tsawo, aka ɗora ta kan ƙarafa biyu masu mai a ciki, irin aikin shokozoba.

Da farko bambar Turai na so saya. Na yi Asabar biyu ina zaga Kofar Ruwa, rumfa rumfa, ban samu ba. Wani ya ce zai sa a kawo min daga Legas, da ya faɗi kuɗin sai na ce masa Allah ya ba da kasuwa. A nan wani mai sayar da fitilu ya kwatanta min garejin wani dattijo mai gyaran jikin mota, can bayan kasuwar.

Tsohon bai yi doguwar magana ba. Ya zaga motar, ya durƙusa ya leƙa ƙasa, ya ƙwanƙwasa ƙarfen da ɗan yatsa.

"Alhaji, za ta matsu. Amma ka sani, ranar da aka taɓa ka ta baya, jikin motar ne zai sha, ba bamba ba."

Na ce, "Baba, na ji. A yi kawai."

Ranar da aka fara ina wurin, kuma abin da na gani ya sa na saki jiki da shi. Bayan an sauke bambar, ya ɗaure ƙarfen nan mai mai a bais, ya lulluɓe shi da tsumma, ya kori yara gefe, sannan ya huda da siririn diril. Man ya yi tsartuwa da ƙarfi, da ba tsumman da a ido zai sauka. Da ya tsiyaye tas, ya danne ƙarfen ya shige ciki, ya auna, ya ɗana walda. Na biyun ma haka. Ba shi da wata na'urar awo, zare ne da alli da kwalin taliya da ya yanka ya fitar da siffar kwanar motar. Da kwalin ya gwada dama, ya juya shi ya gwada hagu. Sau uku yana ɗora bambar yana saukewa saboda ratar da ni ban ma gani ba.

A ƙarƙashin robar da ke rufe tsakanin bamba da jiki aka tarar da tsatsa ta ci wuri kamar tafin hannu. Wani zai cusa foti ya shafe, bayan damina biyu ya tsage. Shi yanke wurin ya yi, ya sa sabon ƙarfe, ya yi ta bugu da ƙaramar guduma har ya kwanta. Fotin da ya shafa bai kai kaurin farce ba. A aikin ƙarfe ba ni da abin cewa.

Inda muka samu saɓani shi ne lokaci da fenti. Sati biyu ya ce, sai da motar ta yi biyar. Kullum "gobe in sha Allah", yau babu wuta, gobe gas ɗin walda ya ƙare. Sannan a fili suke feshi, ga hunturu. Sun yayyafa ruwa a ƙasa wai don ƙura ta kwanta, amma da na shafa fentin sai na ji shi kamar bayan gurasa. Na ƙi karɓa. Ya ɗan ɓata rai, daga baya ya sa aka goge da sanfefa aka sake fesawa da sassafe, bai ƙara min ko kwabo ba. Robar kwanar hagu kuma yaronsa ne ya yanka, bakin bai miƙe ba. Sai ka tsuguna za ka gani, amma ni na san yana nan.

Kyau kam ta yi. Bayan motar ya tattaru, fitilun nan masu gurza-gurza, waɗanda aka yi su haka don ƙura kada ta rufe haskensu duka, yanzu su ido yake fara kamawa. Uwargida da ta ce ɓarnar kuɗi nake yi, ita ta fara cewa a fita da ita ranar Juma'a.

Wata biyu da karɓowa, ina cikin cunkoso wajen Kantin Kwari, wani ɗan adaidaita sahu ya zo ya dungure ni. A hankali ne, da tsohuwar bambar ko juyowa ba zan yi ba. Na fito na tarar bambar ta shige ta gefen dama, ta lotsa jikin ƙasan fitila. Yaron yana ta "Alhaji ka yi haƙuri", na ce ya tafi.

Da na mayar da ita garejin, tsohon ya dubi lotsawar, ya dube ni, bai ce komai ba. Ya aika yaro ya ɗauko kwalin taliyar nan, ashe bai yar ba. Ya ce in dawo Alhamis.